Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Iyayenmu Shugabannin Ƙungiyoyin Taimakon Marayu da Gajiyayyu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu maza da mata, shugabanni da amintattun ƙungiyoyin taimakon marayu, zawarawa da gajiyayyu na unguwanni da garuruwan Arewacin Najeriya, muna gaishe ku gaisuwar 'ya'ya ga iyaye. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa wahalar da kuka sha ta yi muku nauyi a mizani. Masu wannan takarda sakatarori ne da masu ajiyar kuɗi da masu binciken lissafi, wato masu riƙe da alƙalami da littafi a irin waɗannan ƙungiyoyi. Amma ba don kanmu muka rubuto ba. Mun rubuto ne a madadin waɗanda ba sa zuwa taro kuma ba su da ƙuri'a: yaron da ake biya wa kuɗin makaranta, matar da ta fita takaba da yara biyar a gabanta, tsohon da ake kai wa magani duk ƙarshen wata.

Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne maganar sauka daga shugabanci. Da yawa daga cikinku ku kuka kafa ƙungiyoyin nan da hannunku, a zauren gida ko a ƙofar masallaci, kuka riƙe su shekara ashirin, talatin. Yanzu jiki ya fara magana, amma ba a shirya ranar miƙa ragama ba, kuma babu yaron da zai iya buɗe baki ya tayar da zancen a gabanku. Sai a wayi gari ɗayan biyu ya faru: ko ajali ya riski shugaba yana kan kujera, ko ya miƙe rana ɗaya a taro ya ce ya gaji, a miƙo wa na bayansa baƙar leda ɗauke da rasitai, da hatimin da tawadarsa ta bushe, da makullin sito. Wannan ba miƙa ragama ba ne. Gyara kayanka kuwa bai taɓa zama sauke mu raba ba, don haka ku yi mana haƙuri mu faɗi inda ɗakin yake yoyo.

Mu fara da kuɗi, don nan ne tafiya ke fara tsayawa. Ƙungiyoyi da dama har yau lambar asusun shugaba ake bai wa masu ba da gudummawa, ko na banki ko na OPay da Moniepoint a wayarsa. Ba don cin amana ba, don sauƙi, kuma don mai bayarwa shi ya sani. To, ranar da banki ya sami labarin rasuwar mai asusu yakan dakatar da shi, ba a taɓa ko kwabo sai an kawo takardar kotu, abin da kan ci watanni. In an buɗe ma, kuɗin sun shiga cikin abin da za a raba gado. Magada ba su san nawa ne na mahaifinsu ba, nawa ne na ƙungiya, wasunsu ma yara ne ƙanana da suka zama marayu jiya-jiya. Dukiyar marayu ta cakuɗe da ta wasu marayun, kuma wanda kaɗai zai iya tantancewa yana maƙabarta.

Inda akwai asusun ƙungiya ma ba a tsira ba. Sau da yawa masu sa hannu biyu ne kawai, shugaba da wani abokin tafiyarsa da ya riga mu gidan gaskiya ko ya tashi daga garin tun tuni. Saƙon shigar kuɗi da fitarsu wayar shugaba yake zuwa, layin kuma da lambar NIN ɗinsa aka yi masa rajista. Layi in ya daɗe a kashe, kamfani yakan sake sayar da shi, sai saƙon kuɗin marayu ya riƙa faɗawa wayar wani baƙo a wani gari. Asusun da ya shekara babu shiga babu fita banki kan ɗauke shi a matsayin wanda ya kwanta, sai an yi ta zirga-zirga kafin a tashe shi, kuma bisa ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2024, in ya kwanta shekara goma ana kwashe kuɗin zuwa wani asusu na musamman a can Babban Bankin. Duk wannan maganinsa aikin 'yan makonni ne matuƙar shugaba na raye yana iya sa hannu: ƙudurin taro a rubuce, wasiƙa a kan takardar ƙungiya, katin shaida da BVN da hotunan sababbin masu sa hannu. Bayan ransa kuwa aikin shekara ne.

Akwai kuma cakuɗa kuɗin da bai kamata su haɗu ba. Zakka tana da mutanenta takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙidaya, kuma malamanmu na Malikiyya ba su yarda a gina masallaci da ita ba, balle a rufe ofis da kwano. Sadaka ta fi faɗi. Kuɗin da wata Hajiya ta ce a biya wa wane kuɗin jarrabawar NECO, na wane ne, ba na kowa ba. Fidiya da kaffara abinci ne na miskinai. Shugaba ya san waɗannan duka a kansa, ya san dubu ɗari biyun nan na zakka ne, hamsin ɗin can na kayan ɗakin marainiya ne. Wanda ya gaje shi jimla ɗaya kawai zai gani a takardar banki, ya kashe ta yadda ya ga ya dace, da kyakkyawar niyya, a wurin da bai halatta ba.

Sai maganar fili da gini, wadda ta fi kowace jawo tashin hankali. Wani bawan Allah ya ba da fili waƙafi, ko an tara kuɗi an sayi shaguna uku don hayarsu ta riƙa ciyar da marayu, amma takardar saye da sunan shugaba aka rubuta ta, don a lokacin ƙungiyar ba ta da rajistar da za ta mallaki ƙasa. Shaidun cinikin sun tsufa ko sun rasu. Hukuncin waƙafi a fili yake tun daga gonar Sayyidina Umar ta Khaibar: ba a sayarwa, ba a kyauta da shi, ba a gadonsa. Amma alƙali da abin da aka kawo gabansa yake aiki. In takarda ta ce na Alhaji ne, magada suka ce na Alhaji ne, ƙungiya kuma ba ta da komai sai "kowa ya sani", to kowa ya sani ba shaida ba ce. Dillalai kuwa ba sa jiran a yi sadakar arba'in.

A nan akwai wani abu da ake yawan ruɗewa a kansa. Takardar rajista ta ƙaramar hukuma ko ta wata ma'aikatar jiha tana nuna an san da ƙungiya, amma ba ita ke mayar da ita mai iya mallakar ƙasa da sunanta ba. Wannan sai rajistar amintattu a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Kuma ga waɗanda suka yi rajistar, sauka daga kujerar shugaba daban, fita daga cikin amintattu daban. Mutum zai yi murabus a yi walima a watse, alhali sunansa na nan a satifiket, shi doka ta sani. Akwai satifiket ɗin da in ka duba, amintattu biyar ne a jiki, uku sun rasu, ba a taɓa sanar da hukuma ba. Sauya amintacce sai da ƙudurin babban taro, da takardar murabus ko shaidar rasuwa, da sanarwa a jarida, a jira kwana 28 ko akwai mai ja. Kafin hukumar ta karɓi wannan ma sai an cike rahoton shekara-shekara da ake bin ƙungiya, da tararsa. Ƙungiyar da ta yi shekara goma ba ta kai rahoto ba, sabon shugaba da wannan bashin zai fara karin kumallo.

Yanzu ga abin da ya fi ci mana rai, kuma shi ne ba a rubuta shi a kowace doka. Kowace ƙungiya tana da mutane iri biyu. Akwai masu zuwa layi ranar rabo, sunansu na cikin littafi. Akwai kuma masu rufin asiri, waɗanda Alƙur'ani ya siffanta a Suratul Baƙara da cewa wanda bai sani ba zai zaci mawadata ne saboda kamun kai. Tsohon malamin makarantar da fansho ya maƙale masa. Matar wani attajiri da ya karye kafin ya rasu. Liman da ba zai taɓa tsayawa a layi ɗaya da mamunsa ba. Waɗannan bayan sallar isha'i ake kai musu, a ɗaura rabin buhu a bayan babur, a ajiye a soro, a yi sallama a juya ba a jira an fito ba. Shugaba kaɗai ya san ƙofofin nan, kuma ɓoyewar da ya yi ibada ce, ba mu ce ya yi laifi ba. Amma ranar da ya sauka ko ya faɗi, gidajen nan sun fita daga lissafi, kuma su ba masu zuwa su tambaya ba ne. Azumi zai kama, su kasa kunne su ji ƙarar babur, shiru. Babu wanda zai san an manta da su, don babu wanda ya san ana tuna su.

Littafin masu zuwa layin ma sau da yawa suna ne kawai da unguwa. Ba a rubuta shekarun yaro ba, ba ajinsa, ba makarantarsa, ba sunan mai riƙonsa. Ba a rubuta cewa wannan yarinya mai sikila ce ana saya mata magani duk wata ba, ko wancan yaro mai farfaɗiya ne kuma maganinsa ba ya son a tsallake ko kwana ɗaya. Abinci in ya yi jinkirin mako guda ana iya lallaɓawa. Maganin farfaɗiya ba a lallaɓa shi.

Masu bayarwa su ma da fuskar shugaba suke bayarwa. Mu ɗauki misali da lissafi. A ce ƙungiya na raba wa gida 120 hatsi a azumi, kwano biyar-biyar. Kwano 600 ke nan, buhu 15 in an ƙiyasta buhu a kwano 40. A ce goma daga cikin buhunan nan wani Alhaji ɗaya ke aikowa daga Dawanau duk Sha'aban, saboda shi da shugaba tare suka yi makarantar allo. Ba wasiƙa, ba alkawari a rubuce, kiran waya ɗaya ne. In sabon shugaba bai taɓa durƙusawa ya gaida wannan Alhaji ba, bana gida 80 ba su da rabo. Haka mai kemis da ke ba da magani bashi zuwa ƙarshen wata, da telan da ke ɗinka kayan sallah a rabin kuɗi, da shugaban makarantar da ke ɗaga ƙafa har tsakiyar zango. Duk amana ce tsakanin mutum da mutum, kuma ba ta bin kujera, sai an kama hannu an kai. Bashin da ke tsakani ma ba a rubuce yake ba. Sabon shugaba yana zaune mai shinkafa zai shigo ya ce yana bin buhu shida tun bara, babu mai gaskata shi, babu mai ƙaryata shi. Wani lokaci kuma shugaban ne da kansa ya cire daga aljihunsa ya toshe wata ɓaraka, bai faɗa ko rance ne ko sadaka ba, sai 'ya'yansa su zo nema daga baya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka.

Sito ba sai mun daɗe a kansa ba. A ƙirga buhu-buhu a gaban mutum uku, a soka a duba, don buhun waken da aka ajiye a buhu na gama-gari tun kaka, kafin azumi ƙwari sun mayar da shi gari. Wanda aka ɗure a buhun PICS mai ninki uku aka ɗaure kowane ninki daban shi ke kai labari. A rubuta kekunan ɗinki nawa ne ke aiki, nawa ne gawa.

Ga abin da muke roƙo, ranku ya daɗe.

Ku sa rana da kanku, tun kuna da ƙarfin zagayawa, ku sanar a rubuce aƙalla wata shida kafin ta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ranar ta faɗo a Sha'aban ko Ramadan, lokacin da aiki ya fi yawa, kada kuma ta faɗo makon komawa makaranta a watan Satumba. Bayan Babbar Sallah ya fi, don sabon shugaba ya sami sarari kafin azumi ya zagayo. A watan farko a yi zaɓe yadda kundin ƙungiya ya tanada. In kundin bai faɗi wa'adi ba, a gyara shi a wannan zaman: shekara uku ko huɗu, sau biyu, shi ke nan. Sayyidina Abubakar bai bar duniya ba sai da ya ayyana Umar, Umar kuma ya bar shawara a hannun mutum shida. Shirya magaji ba kiran mutuwa ba ne. Sai dai ƙungiya ba sarauta ba ce. In ɗan shugaba ya cancanta ya tsaya a zaɓe shi kamar kowa, amma kada a naɗa shi a ɗaki a fito wa mutane da shi.

Watannin da suka rage a yi su tare, tsoho da sabo. A je banki a mayar da masu sa hannu uku, kowane biyu su iya fitar da kuɗi, a cire sunan mai sauka da na mamata. A sayi layin ƙungiya, a rubuta a littafin taro da sunan wa aka yi masa rajista, saƙon banki kuma ya riƙa zuwa wa mutum biyu. Duk abin da ke asusun shugaba na ƙungiya a kwashe shi a rana ɗaya, a sanar da masu bayarwa sabuwar lamba da bakin shugaban, don in wani ne ya sanar za su zaci 'yan damfara ne. A raba littafin kuɗi gida-gida: zakka, sadaka, kuɗin haya na waƙafi, da kuɗin da aka ba da don wani takamaiman mutum. A kira mai binciken lissafi wanda ba ɗan kwamiti ba ya duba aƙalla shekara uku na baya. Wannan ba tuhuma ba ce. Allah da kansa ya ce in za ku miƙa wa marayu dukiyarsu ku kafa shaidu, kuma bai ce sai in ana zargin mai riƙon ba. Takardar mai bincike ita ce za ta kare mutuncinku ranar da ba ku nan balle ku kare kanku.

Fili da gini kuwa, yau ɗin nan, ko kafin a gama maganar CAC, shugaba ya rubuta iƙirari cewa kadara kaza da ke wuri kaza, mai iyaka da wane da wane, ba tasa ba ce, waƙafi ce, riƙo yake yi. Manyan 'ya'yansa su sa hannu, liman da mai unguwa su shaida, a kai kotu a tabbatar. A yi kwafi uku a ajiye a gidaje uku, a ɗauki hotonsa a waya. Daga nan a bi hanyar mayar da takardar zuwa sunan amintattu. A jihohin da ke da hukumar zakka da waƙafi, irin su Kano da Sakkwato da Zamfara, a kai musu kwafi su ma su sani.

Masu rufin asiri a yi musu littafi na biyu. A babban littafi a sa lamba kawai, gida na 7, gida na 12, da abin da ake kai musu da lokacin kaiwa, don lissafi ya cika. Sunayen da ke bayan lambobin su tsaya tsakanin mutum biyu, sabon shugaba da wani dattijo ko dattijuwa guda da aka yarda da bakinsa. Mai sauka ya ɗauki magajinsa a babur ko a mota, dare biyu ko uku, ya nuna masa ƙofofin ɗaya bayan ɗaya, kuma ya fara neman izinin masu gidan. Kada sunan nan ya shiga zauren WhatsApp, kada a ɗauki hoton kowa da buhu a gabansa. Ban da cin fuska, tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a ƙasar nan.

Sannan a zagaya masu bayarwa ƙafa da ƙafa kafin Rajab, har mai kemis da tela, a ce ga wane, shi ne ni daga yau. A tambayi kowa ko yana bin bashi, a rubuta, ya sa hannu.

Roƙo na gaba ya fi nauyi a baki, amma sai mun faɗa. In kun sauka, ku sauka. Kujerar uban ƙungiya ko uwar ƙungiya taku ce, shawararku abin nema ce, addu'arku ta fi komai. Amma in mabukata suka ci gaba da cika zaurenku kuna rubuta 'yar takarda kuna cewa a kai wa ɗan sito, an sami shugabanni biyu, ɗan sito bai san wa zai bi ba, sabon kuma ya zama hoto. Wanda ya zo, a ce masa ya je ofis. Sau uku aka yi haka gari zai gane. Sabon shugaba zai yi abin da ba haka kuka saba yi ba, zai yi kuskure ma. A kira shi gefe, ba a gaban taro ba.

Ku kuma 'yan'uwanmu matasa da ke jiran gado, kada a mayar da wannan takarda sanda. Wanda ya yi shekara talatin yana bin ƙofofin masu hali da kunyarsa a aljihu don 'ya'yan wasu su ci, ba a tashinsa da takardar ƙorafi ko habaici a Facebook. Wasu daga cikinsu kasuwancinsu ya mutu ne a kan wannan hidima, kuma ba fansho gare su ba. In dattijo ya sauka hannu wofi, membobi su yi masa karo-karo daga aljihunsu, a asusu daban, ba daga kuɗin marayu ba, a riƙa leƙa shi da sallah da lokacin rashin lafiya. Limamai da masu unguwanni kuma muna roƙon ku ku zama masu buɗe zancen, don abin da yaro ba zai iya faɗa wa Alhaji ko Hajiya ba, ku za ku faɗa a ji.

A taronku na wata mai kamawa, muna roƙon a sa wannan magana a farkon ajanda, kafin rabon kati da maganar kayan sallah. Sakatare ya zo da satifiket ɗin rajista a karanta sunayen amintattu da ƙarfi, a ga su wa ke raye. Ma'aji ya zo da takardar banki ta wata shida da sunayen masu sa hannu. Shugaba kuma ya zo da takardun fili, da ranar da ya zaɓa.

Wassalamu alaikum.

'Ya'yanku,
Wasu sakatarori, masu ajiyar kuɗi da masu binciken lissafi na ƙungiyoyin taimakon marayu da gajiyayyu